Zare: jabun hiroyin, ƙudaje marasa tashi, da tambayar da Baffana ya yi min

1/ Zare ne, mai tsawo kuwa. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. 🧵

Baffana tela ne, ya fi shekara talatin a kan keke. Shekara huɗu da suka wuce ya fara kira na in zura masa zare a allura. Muka ɗauka ido ne, aka yanka masa tabarau. Ashe hannun dama ne ke karkarwa.

2/ In ya kama almakashi yana yanka, hannun sai ya lafa. In ya zauna ya ɗora shi a cinya, sai yatsun su fara motsi kamar mai jan carbi. Mutanen gida suka ce tunda abin zuwa yake yana tafiya, ai iska ne. Wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa jifa. An yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙe, tunkiya biyu ta tafi.

3/ Sai bayan shekara biyu wani likitan ƙwaƙwalwa ya sa shi ya taka daga ƙofa zuwa taga. Ya kalli yadda hannu ɗaya ba ya lilo in yana tafiya, ya kalli fuskarsa da ta daina nuna fara'a ko fushi, ya sa shi ya rubuta sunansa ya ga rubutun yana ƙanƙancewa. Ya ce cutar Parkinson ce.

4/ Abin da ya sa nake wannan zaren: watan jiya dangin wanda ke neman auren 'yarsa suka aiko da tambaya a kaikaice, wai abin na gado ne? Baffa ya kira ni ɗaki ya ce, "Kai da kake karatun jikin mutum, gaya min gaskiya, kar ka ɓoye min." Ni ɗan aji uku ne a bayokemistiri, ba likita ba ne. Na ce ya ba ni sati uku.

5/ Mu fara daga Landan, 1817. Wani likita a unguwar Hoxton, James Parkinson, ya fitar da ɗan littafi mai suna An Essay on the Shaking Palsy. Mutum shida kacal ya siffanta, uku daga cikinsu ma a titi ya gan su. Ba na'urar hoto, ba gwajin jini, ido kawai. Bayan shekara hamsin da wani abu Charcot na Paris ya laƙaba wa cutar sunansa.

6/ 1872, Amurka. George Huntington, shekararsa 22, sa'ana kenan (ni kuma ina nan ina fama da ragowar kwas 😅). Ya haɗa abin da ya gani da bayanan babansa da kakansa, duk likitoci ne a garin East Hampton, ya siffanta wata cuta mai sa jiki fizge-fizge kamar ana rawa ba da so ba. Ita wannan gado ce ƙarara: in uwa ko uba na da ita, kowane ɗa damarsa rabi da rabi ce.

7/ Parkinson tana ɗaure jiki, Huntington tana sakin sa babu birki. Ku riƙe su duka biyun, za su haɗu a gaba.

8/ A ina ɓarnar take? 1912 Friedrich Lewy ya ga wasu dunƙule-dunƙule a cikin niyuron, wato sel ɗin jijiya, na waɗanda suka mutu da Parkinson. 1919 Konstantin Tretiakoff, ɗan Rasha mai karatu a Paris, ya nuna wani ɗan baƙin layi a can ƙasan ƙwaƙwalwa, substantia nigra, ma'anarsa baƙin abu. A mai lafiya baƙi ne. A mai cutar ya koɗe, don niyuron ɗin da ke ba shi launin sun mutu.

9/ Aikin waɗannan niyuron ɗin shi ne yin dofamin. 1957 Arvid Carlsson a Suwidin ya ba zomaye maganin da ya sandarar da su, ya yi musu allurar L-dopa, suka miƙe. 1960 Oleh Hornykiewicz a Biyana ya auna ƙwaƙwalwar mamata masu cutar ya tarar dofamin ya ƙafe. 1967 George Cotzias a New York ya gano yadda za a riƙa ƙara maganin a hankali har ya yi aiki ta baki.

10/ Shi ne maganin da Baffa ke sha sau uku a rana. Yana aiki, wallahi ranar farko da ya sha na ga ya ɗaura maɓallin rigarsa da kansa. Amma zuba ruwa ne a randa mai yoyo. Niyuron ɗin suna ci gaba da mutuwa, kuma har zuwa 1980 babu wanda ke da ƙwaƙƙwarar hujja kan abin da ke kashe su.

11/ A nan sai na tsaya na gabatar da mitokondiriya. Kowa ya haddace ta a sakandare don jarabawa ya manta. Richard Altmann ya siffanta su a 1890, Carl Benda ya raɗa musu suna a 1898. Ku ɗauke su a matsayin ƙananan janareto, ɗaruruwa ko dubbai a cikin sel guda.

12/ Katanga biyu gare ta, ta waje da ta ciki. A jikin ta ciki akwai tasoshi a jere, Kompleks na Ɗaya zuwa na Huɗu. Suna karɓar lantarkin da aka tatso daga abinci, uku daga cikinsu na amfani da shi suna tura furoton zuwa ƙetaren katangar, kamar famfon da ke tura ruwa tankin sama. In "ruwan" ya gangaro sai ya juya wani ɗan inji da ke buga ATP, kuɗin da sel ke kashewa.

13/ Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayanin a 1961. Manyan fagen suka yi masa ca shekara da shekaru, 1978 aka ba shi Nobel. A rana ɗaya ATP ɗin da jikinka ke bugawa yana sake bugawa ya kai kusan nauyinka.

14/ Abu biyu za ku riƙe. Na ɗaya, janareton nan yana tartsatsi: wani lantarkin na zillewa ya haɗu da iskar oksijin ya zama abu mai cin furotin da DNA, kuma Kompleks na Ɗaya na cikin manyan wuraren zillewar. Na biyu, mitokondiriya na da nata ɗan DNA ɗin (daga uwa kaɗai ake gadonsa), amma furotin 13 kawai yake yi. Sauran fiye da dubu daga waje ake shigo da su ta wata ƙofa da ake kira TOM. Ku riƙe sunan ƙofar nan.

15/ To, Yulin 1982, San Jose a Kalifoniya. Aka kawo wani mutum ɗan shekara 42 daga gidan yari zuwa asibitin Santa Clara Valley. Ba ya motsi, ba ya magana, ido a buɗe. Wasu suka ce ƙarya yake don ya bar kurkuku, wasu suka ce taɓin hankali ne. (Da a unguwarmu ne na san abin da za a ce.)

16/ Wani likita a tawagar William Langston ya lura yatsunsa na ɗan motsi, ya sa masa alƙalami a hannu. A hankali mutumin ya rubuta cewa hankalinsa ƙalau yake, jikin ne ya ƙi bin umarni. Aka gano budurwarsa ma haka take. Aka sake samun wasu 'yan'uwa maza biyu a wani gari kusa. Abin da ya haɗa su: duk sun yi allurar wata sabuwar jabun hiroyin.

17/ Cutar da ke ɗaukar shekara goma ko fiye tana rarrafe a jikin dattijo, ga ta ta kammala cikin kwanaki a jikin masu jini a jika. Aka ba su L-dopa suka motsa, suka yi magana. Langston ya wallafa labarin mutum huɗun a mujallar Science a 1983.

18/ Mai dafa ƙwayar a ɓoye ya so haɗa wani sinadari ne, MPPP, ya yi gaggawa, sai MPTP ya fito a ciki. Abin takaicin, an taɓa ganin haka. 1976 wani ɗalibi ɗan shekara 23 a Maryland ya haɗa wa kansa irinta, ya sandare. Masu bincike suka gwada a jikin ɓeraye, ɓerayen suka ɗan yi laushi suka warware, maganar ta kwanta. Ashe ɓera ne ke da juriya. Da aka gwada a birai a 1983, cutar ta fito sak.

19/ Ku ga yadda gubar ke aiki, don ni nan ne tsikar jikina ta tashi. MPTP da kansa ba shi da wata illa sosai, amma yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. A can wani enzayim, MAO-B, ya mayar da shi MPP+. Niyuron mai dofamin yana da famfon da yake zuƙo dofamin ɗinsa da shi bayan ya fesa. Famfon ya ɗauka MPP+ ɗan gida ne, ya zuƙe shi. Shi ya sa su kaɗai ke mutuwa, maƙwabtansu na nan lafiya.

20/ Da ya shiga ina ya nufa? 1985 Nicklas da Heikkila da abokin aikinsu suka nuna: mitokondiriya, ya toshe Kompleks na Ɗaya. ATP ya faɗi, tartsatsi ya ƙaru, sel ya mutu.

21/ Tambaya ta gaba a fili take. Masu Parkinson na yau da kullum, waɗanda ko sigari ba su taɓa sha ba, yaya nasu Kompleks ɗin yake? 1989 Anthony Schapira a Landan ya auna a substantia nigra na mamata masu cutar, ya tarar aikinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

22/ Daga nan hankali ya koma kan muhalli. MPP+ ya yi kama da paraquat, maganin ciyawa, ƙwarai a siffa. A 2000 rukunin Timothy Greenamyre a Amurka suka riƙa ɗura wa ɓeraye rotenone, maganin ƙwari da kifi mai toshe Kompleks na Ɗaya a duk jiki. Duk da haka niyuron masu dofamin ne suka fi mutuwa, har da dunƙule irin na Lewy a cikinsu.

23/ Wannan ya shafe mu kai tsaye. Paraquat na cikin magungunan feshin da aka daɗe ana amfani da su a gonakinmu, kuma mun san yadda ake feshin: singileti, silifas, ba takunkumi, a gauraya da hannu. Wani bincike kan manoman Amurka a 2011 ya samu masu amfani da paraquat ko rotenone sun fi kamuwa da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana paraquat tun 2007. Faransa a 2012 ta sa Parkinson cikin cututtukan sana'ar noma.

24/ Majimfa ma, wadda masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso, dangin rotenone ne a cikinta.

Kar wani ya ce na ce feshi ne ya kama Baffa. Ƙarin haɗari daban, sanadin ciwon mutum guda daban. Dubban masu feshi sun tsufa ƙalau. Amma ka sa takunkumi da safar hannu, don Allah.

25/ A shekarun 1980 ɗin nan an kusa rufe maganar gado. Wani bincike kan tagwaye a 1983 ya ga da wuya su biyun su kamu tare. Cikin masu binciken akwai Roger Duvoisin. Sai ga shi, shi da Lawrence Golbe a New Jersey, sun ci karo da wani dangi da cutar ke bin su zuriya bayan zuriya, tana kama su da wuri. Aka bi salsala har wani ƙauye a kudancin Italiya, Contursi. Mutum kusan sittin a dangi ɗaya.

26/ 1997 Mihael Polymeropoulos da abokansa a cibiyar NIH suka gano wurin: harafi ɗaya ya sauya a ƙwayar gadon wani ɗan ƙaramin furotin, alfa-sinuklin. A shekarar dai, a Cambridge, Maria Grazia Spillantini ta nuna cewa dunƙulen da Lewy ya gani shekara 85 baya cike yake da alfa-sinuklin, har a jikin waɗanda ba su gaji komai ba.

27/ Furotin zare ne da sai an naɗe shi daidai yake aiki. Alfa-sinuklin in ya naɗu ba daidai ba sai ya manne wa 'yan'uwansa, su ma ya karkatar da su, su cukurkuɗe kamar zaren da ya harɗe a ƙasan keken ɗinki. 2003 aka samu wani dangi a Amurka da furotin ɗinsu lafiyayye ne, kwafin ƙwayar gadon ne ya yi musu yawa. Yawan kawai ya isa ya kawo cutar.

28/ Sai fage ya rabu biyu: masu cewa janareto ne ya lalace, da masu cewa furotin ne ya cukurkuɗe. Abin da ya haɗa su daga Japan ya fito, da kuma ƙudaje.

29/ 1998 rukunin Yoshikuni Mizuno da Nobuyoshi Shimizu suka binciki iyalan da cutar ke kama 'ya'yansu tun kafin shekara 40, wasu ma suna samari. Suka samu ƙwayar gado suka sa mata suna Parkin. 2004 Enza Maria Valente da abokanta suka samu wata, PINK1, a iyalai daga Italiya da Sifaniya. Da aka duba furotin ɗin PINK1, a goshinsa akwai adireshi: a kai ni mitokondiriya.

30/ Su biyun sai mutum ya gaji lalatacce daga uwa DA uba kafin cutar ta fito, kamar yadda muka sani a sikila. Shi ya sa aka fi samun su a iyalan da ke auren zumunci. Na san maganar nan tana da nauyi a wurinmu. Ba kasafai ake samun irin wannan ba, kuma alamarsa ita ce kamuwa da wuri, sau da yawa fiye da mutum ɗaya a ɗaki guda.

31/ Ƙudajen. 2003 a ɗakin binciken Leo Pallanck suka cire Parkin daga ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Suka ga ƙudan ba ya iya tashi, mazan ba sa haihuwa. Tsokar fiffike da maniyyi, me ya haɗa su? Duk masu shan wuta ne. Da aka leƙa, mitokondiriyarsu ta kumbura ta yayyage.

32/ 2006 rukuni uku daban-daban, har da na Ming Guo a Los Angeles da na Jongkyeong Chung a Koriya ta Kudu, suka cire PINK1. Ciwo iri ɗaya sak. Sai dabarar: ƙudan da ba shi da PINK1, in ka ƙara masa Parkin, ya warke. Wanda ba shi da Parkin, ko ka cika shi da PINK1, ba ya warkewa. Ma'ana layi ɗaya suke, PINK1 a gaba, Parkin na bin sa.

33/ 2008 wani ɗalibi, Derek Narendra, a ɗakin Richard Youle na NIH, ya sa wa Parkin launi mai ƙyalli, ya zuba sinadarin da ke sauke cajin mitokondiriya. Parkin da ke warwatse cikin sel ya taru a kan waɗanda cajinsu ya faɗi. Kashegari sun ɓace. Sel ya cinye su.

34/ Zuwa 2010, sannan 2014, aka haɗa hoton. A lafiyayyar mitokondiriya, cajin katangar ciki na jawo PINK1 ta ƙofar TOM, a datse shi, a zubar. Kullum ana yin sa, kullum ana hallaka shi, kamar ɓarna. In caji ya faɗi, ba abin da zai ja shi ciki, sai ya maƙale a bakin ƙofa ya taru. Taruwarsa ita ce ƙararrawar.

35/ Daga nan ya kunna Parkin. Parkin kuma mai jan fenti ne, irin wanda ake shafa wa ginin da za a rushe. Fentinsa wani ɗan furotin ne, yubikwitin. Ya shafa wa Miro, ƙugiyar da ke ɗaure mitokondiriya a motar da ke yawo da ita, sai ta tsaya cak. Ya shafa wa mitofusin, sai ta kasa haɗewa da lafiyayyu. Sannan a naɗe ta a kai wa laisosom, 'yan gwangwan na cikin sel, su farfasa a sake amfani da kayan.

36/ In babu PINK1 ko Parkin, matattun janareto na nan zube a shago, ba sa ba da wuta, sai hayaƙi da tartsatsi. Guba ta 1982 da gadon 1998 da 2004, ƙofofi daban-daban ne, ɗaki ɗaya suka shigo.

37/ Alfa-sinuklin fa? 2008 aka nuna yana shiga mitokondiriya ya rage aikin Kompleks na Ɗaya. 2016 rukunin Greenamyre suka nuna wasu gurɓatattun nau'o'insa na manne wa TOM20, wani ɓangare na ƙofar nan, su tare hanyar shigo da kayan gyara. Tartsatsin lalatacciyar mitokondiriya kuma na ƙara sa alfa-sinuklin cukurkuɗewa. Kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. 2019 da aka leƙa dunƙulen Lewy da babban madubin lantarki, har da ɓaraguzan mitokondiriya a ciki.

38/ Amma kowane sel na da mitokondiriya, me ya sa waɗannan ne ke fara faɗuwa? Cikin niyuron kusan biliyan 86, masu dofamin na substantia nigra ba su kai miliyan ɗaya ba. Wani ƙiyasi na 2012 daga Oxford ya ce guda ɗaya, in ka miƙe rassansa, ya wuce mita huɗu, yana da mahaɗa fiye da miliyan. Ba ya hutawa, ko kana barci yana bugawa, kalsiyam na shiga, sai an kashe ATP an fitar. Taransifoma ɗaya ce aka jona wa gari guda. Kuma in ya mutu ba a haifar wani.

39/ Mu koma wa Huntington a gurguje. A shekarun 1950 wani likita, Américo Negrette, ya ga mutane a gaɓar tafkin Maracaibo a Venezuela suna tangaɗi a titi, ya zaci maye ne. Nancy Wexler, wadda cutar ta kashe mahaifiyarta, ta fara zuwa can a 1979, ta yi shekaru tana tattara jini, tana kuma haɗa salsalar mutum fiye da dubu goma sha takwas. 1983 aka gano unguwar ƙwayar gadon, 1993 aka gano ita kanta. A 2020 Wexler ta bayyana cewa ita ma tana da cutar.

40/ Laifin in'ina ce a DNA: haruffa uku, CAG, suna maimaituwa. Yawancin mutane na da ƙasa da 27. Daga 40 zuwa sama cutar za ta zo in rai ya kai. Furotin ɗin, hantintin, sai ya fito da doguwar jela mai danƙo.

41/ Ita ma tana da nata labarin gubar. A arewacin Sin, a shekarun 1970 da 1980, ɗaruruwan mutane, yawanci yara, suka sha raken da aka adana ya yi fumfuna. Wasu suka mutu, wasu suka tashi jikinsu na murɗewa har abada. Gubar, 3-NP, Kompleks na Biyu take toshewa, kuma yankin da ta ci a ƙwaƙwalwa shi ne yankin da Huntington ke ci. 1993 Flint Beal ya maimaita hakan a ɓeraye.

42/ Gurɓataccen hantintin ta ko'ina yake cizo. Yana rage wa mitokondiriya juriyar kalsiyam (2002). Yana kawo cunkoso a hanyar da ake jigilar su zuwa ƙarshen jijiya (2004). Yana danne PGC-1α, mai ba da umarnin ƙera sababbi (2006). Yana zuga Drp1, almakashin da ke raba su, har su zama gutsi-gutsi (2011). Masu cutar kan rame ko da suna cin abinci sosai.

43/ Yanzu ɓangaren da bai yi min daɗi ba. In janareto ne matsalar, a ƙarfafa shi mana? An gwada. CoQ10 a Parkinson, an dakatar a 2011, ba amfani. Kiriyatin, an dakatar a 2013. Su biyun a Huntington, 2014, haka. Isradipine, maganin hawan jini da aka sa ran zai rage shigar kalsiyam, sakamakonsa ya fito a 2019, bai rage gudun cutar ba. Duk mai tallata muku CoQ10 a WhatsApp da sunan maganin karkarwa, ku tuna da wannan.

44/ Labarin ma bai kai yadda na tsara shi santsi ba. Ɓeran da aka cire wa Parkin ko PINK1 yawanci niyuron ɗinsa ba sa mutuwa. Masu cutar ta hanyar Parkin da yawa ba su da dunƙulen Lewy. 2018 a Dundee aka nuna ɓera na share mitokondiriyarsa ta yau da kullum ko babu PINK1. Har yau masana na gardama: lalacewar mitokondiriya ce farkon gobarar, ko tana cikin abin da ya ƙone?

45/ Ni dai, a matsayina na ɗalibi, na fi karkata ga masu cewa Parkinson ba cuta ɗaya ba ce. A wani gado ne, a wani guba, a mafi yawa tsufa ne da tarin ƙananan abubuwa. In haka ne, zuba kowa a gwaji ɗaya a ba su magani ɗaya, bayan rabin niyuron ɗin ko kusa da haka sun riga sun tafi, ba mamaki a tashi a tutar babu. Wani gwajin ɓeraye na 2021 a ɗakin James Surmeier ya nuna lalata Kompleks na Ɗaya a niyuron masu dofamin kaɗai ya isa ya kawo cutar sannu a hankali. Wannan ya ƙara wa masu janareto ƙarfi.

46/ Kun lura da garuruwan da na lissafa? Italiya, Japan, Amurka, Venezuela. Akwai wata ƙwayar gado, LRRK2, da sauyinta guda ɗaya ke bayan kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar a tsakanin Larabawa da Berber na Arewacin Afirka. Da aka neme shi a majinyatan Najeriya ba a same shi ba. Abin da aka gano a wani wuri ba lallai ya zama namu ba.

47/ 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da likitocin ƙwaƙwalwa daga sassan Najeriya, tare da abokan aiki a Landan da Amurka, suka wallafa a Lancet Neurology wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson a mutanen da asalinsu Afirka ne, wanda kusan babu shi a Turawa. GBA1 enzayim ne na laisosom. 'Yan gwangwan ɗin nan dai da ake kai wa matattun janareto.

48/ Shi ma ƙarin haɗari ne kawai, mutane da yawa na ɗauke da shi ba su taɓa kamuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu Parkinson sun haura miliyan 8.5, ninki biyu cikin shekara 25. Namu nawa ne ke zaune a ɗaki ana cewa tsufa ne ko sammu?

49/ Na koma wurin Baffa ranar Juma'a bayan la'asar. Na ce masa: Baffa, ta kama ka bayan shekara sittin. A iyayenku da 'yan'uwanku ba wanda aka sani da ita. Irin wadda ake gado kai tsaye 'yar kaɗan ce, kuma yawanci da wuri take zuwa, ta kama mutum fiye da ɗaya a gida. 'Ya'yan mai cutar haɗarinsu ya ɗan ɗara na sauran mutane, amma mafi yawansu nesa ba kusa ba ba sa kamuwa. Ba irin Huntington ba ce, ba kuma a ɗaukarta a kwano ko a gaisuwa.

50/ Na ce kuma kar a tsaya a maganata, ranar asibitinsa ta gaba a tafi da wakilin dangin yaron su ji daga bakin likita. Ya yi shiru, hannun na jan carbinsa a cinya. Can ya ce, "To su waɗannan ƙudajen, da aka gyara su, sun tashi?"

Na ce sun tashi, Baffa.

Ya ce in miƙo masa kwalbar maganin, lokacin na yamma ya yi. Saura ƙwaya tara a ciki, kuma kantin da muke saye sun ce sai wani satin za a kawo.